Buhun da Ba Shi da Suna: Abin da Manoman Gahawa Suka Riga Mu Ganewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayen amfanin gona da kaka, a Haɗejiya ne ko Malam Madori ko Gujungu, ya san irin wannan ciniki. Dattijo ya baro ƙauye tun da sanyin safiya, ya sauke buhu biyu na zoɓo daga amalanke. Dillali ya kwance bakin buhu, ya zura hannu can ƙasa, ya damƙo, ya murza, ya shinshina.

"Baba, wannan kamar da sauran danshi."

"Haba Alhaji! Kwana da kwanaki yana shanye a kan tabarma. Dubi jansa. Iyalina da hannunsu suka ɓare suka tsince, ko gurguzu ɗaya ba za ka gani ba."

"Gaskiya ne Baba, kaya sun yi kyau. Amma kuɗin yau ɗaya ne. Yadda na sayi na wanda ya riga ka, haka zan sayi naka."

Dattijo ya ce albarka. Dillali ya ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, aka sallama. Nan take yaran rumfa suka kinkimi buhunan suka zazzage a kan tsibin da ke baya, inda aka riga aka juye na wanda ya shanya nasa a gefen titi, da na wanda ya yayyafa wa nasa ruwa don ya yi nauyi, da na wanda ya cakuɗa na bana da ragowar na bara. Kafin dattijon ya gama ƙirga kuɗinsa, wahalar matan gidansa ta ɓace a cikin tsibi, ba mai iya nuna nasa.

Wannan tsibin shi ne ke damuna. Kullum muna kukan noma ba riba, muna zagin dillalai, muna jiran gwamnati ta kawo taki. Ba kasafai nake jin mai tambayar abin da ya sa mai kaya masu kyau da mai algus ke karɓar kuɗi ɗaya ba. Akwai wasu ƙananan manoma a Habasha da Ruwanda, gonakinsu ba su kai namu girma ba, da suka yi wa kansu wannan tambaya fiye da shekara 20 da suka wuce, suka kuma samo amsa. Gahawa suke nomawa. Labarinsu ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ko tushen gahawa ɗaya ba zai rayu a ƙasar Haɗejiya ba.

1. Kukan gaskiya ne, amma rabinsa muke faɗa

Manomi yana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ya sha rana, shi ya sha ƙaiƙayin zoɓo, shi ya yi fargabar ambaliya da tsuntsun jan-baki, amma mai mota da mai sito su ne ke gina benaye. Sai dai idan muka tsaya a kan dillalin ƙauye, mun tsaya kusa. Shi ma idan ya kai kaya Dawanau a Kano, farashi ɗaya ake ba shi. Mai fitar da kaya waje ya riga ya ƙiyasta cewa a kowane buhu akwai yashi da kara da tsakuwa da danshi, saboda haka tun kafin ya ga kayan ya zabtare kuɗin dattin daga farashi. Daga nan ya ɗauki mata aiki a sitonsa su tsince, ya sa inji ya tankaɗe, ya zuba a sabon buhu mai tambarin kamfaninsa. Ribar gyara ta tafi Kano da Legas.

Ka ga ke nan mai gaskiya shi ke biyan kuɗin algus ɗin maƙwabcinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ya gyara kayansa bana bai ga bambanci a aljihunsa ba, baɗi ba zai ƙara wahalar da iyalinsa ba. A haka kasuwarmu ke koya wa mutanen kirki sakaci, tana koya wa masu sakaci ha'inci, mu kuma muna mamakin yadda amana ta yi ƙaranci. Wa'azi kaɗai ba zai gyara wannan ba muddin sikeli bai san mai kyau da marar kyau ba.

2. Yadda ɗan itace ke samun daraja

Mu nan gahawar da muka sani ita ce garin Nescafé da mai shayi ke ɗiba da cokali ya zuba wa direban da zai kwana a hanya. A gona kuwa gahawa bishiya ce mai 'ya'ya. Takan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa. 'Ya'yan girmansu kamar na magarya, kore ne da fari, idan sun nuna su yi ja wur. A cikin kowane ɗa akwai ƙwallo biyu, su ake busarwa a soya a niƙa. Irin da ya fi daraja, wanda ake kira arabika, asalinsa dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, kuma har yau kusan duk gahawar ƙasar ƙananan manoma ne ke nomanta, akasarinsu gonarsu ba ta cika hekta ɗaya ba.

Kasuwar gahawa iri biyu ce. Akwai ta tsibi, wadda ake yanke farashinta a kasuwar hada-hada ta birnin New York, ba ruwan kowa da wanda ya noma. Bayan rushewar yarjejeniyar ƙayyade yawan gahawar da ƙasashe ke fitarwa a 1989, farashin ya riƙa hawa da sauka, har a 2001 laba ɗaya, wato ƙasa da rabin kilo, ta faɗi ƙasa da rabin dala. Manoma da yawa a gabashin Habasha suka tuge bishiyoyinsu suka shuka kat, wani ganye da ake taunawa.

Kasuwa ta biyu ita ce ta gahawa ta musamman. A nan ba a ciniki sai an ɗanɗana. Ƙwararrun masu ɗanɗano sukan jera kofuna, su zuba tafasasshen ruwa, su shaƙi ƙamshi, su kurɓa da cokali, su ba da maki cikin 100. Abin da ya kai 80 zuwa sama shi ne na musamman, kuma kowane maki kuɗi ne. Gahawar yankin Yirgacefe da ta Sidama a Habasha sun yi suna saboda mai sha yakan ji ƙamshin furanni da lemun tsami da zaƙin nunannun 'ya'yan itace a cikin kofi, alhali ba a zuba mata komai ba. Wani kaso na wannan ɗanɗano baiwar ƙasa ce, don gonakin suna kan tsaunuka masu tsayin mita 1,700 zuwa sama da 2,000, inda sanyi ke sa ɗan itace ya nuna a hankali. Sauran kuwa aikin hannu ne, kuma nan ne ya kamata mu buɗe ido.

Ba a zage reshe gaba ɗaya. Ja kaɗai ake tsinka, a bar kore sai wani zagayen, ko da za a koma bishiya ɗaya sau da dama. A ranar da aka tsinka ake kaiwa wurin gyara, don idan ya kwana a buhu ya fara tsami. A juye a ruwa, duk wanda ya taso sama a kwashe shi gefe, fanko ne ko ƙwaro ya ci. Wanda za a busar da ɓawonsa a baza shi a kan gadajen shanya na katako masu raga, waɗanda suka kai ƙugun mutum, iska na ratsawa ta sama da ƙasa. Mata na tsaye suna juyawa suna tsince marar kyau ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi zafi a rufe, dare ya yi a rufe saboda raɓa, a yi ta haka har mako biyu zuwa huɗu. A wannan zaman ne zaƙin ɓawon ke ratsa ƙwallon. A ƙarshe a jikin buhu a rubuta sunan ƙungiya, da ƙauye, da shekarar girbi. Mai shago a Tokyo ko Landan yana sayar da kofi ɗaya yana faɗin sunan ƙauyen da aka noma ta.

3. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mai rabin hekta ba zai iya gina wurin wanki da shanya shi kaɗai ba. Ba zai cika kwantena ba, ba shi da lasisin fitar da kaya, ba ya jin harshen mai saye. Abin da ya gagari mutum ɗaya shi ƙungiya ta ɗauka. Ita ke da sikeli, ita ke mayar wa mutum da kayansa idan ya kawo ɗanye, ita ke biyan kuɗin farko a take, ita ke gyarawa da adanawa. Idan an sayar an fitar da ɗawainiya, sai a kira taro a raba biya na biyu gwargwadon abin da kowa ya kawo.

A 1999 ƙungiyoyin ƙauye 34 a yankin Oromiya na Habasha suka haɗu suka kafa babbar haɗakar manoman gahawa ƙarƙashin jagorancin Tadesse Meskela. Babbar nasararsu ta farko ita ce samun izinin sayarwa kai tsaye ga masu saye na waje ba tare da bi ta kasuwar gwanjo ba, wato sun tsallake hannuwa da dama da ke yagar rabonsu. Tsarinsu shi ne kashi 70 cikin 100 na ribar haɗaka ya koma ga ƙungiyoyin ƙauye. Manoman Sidama suka kafa tasu a 2001, na Yirgacefe a 2002.

Ruwanda ta fi ba da mamaki. Bayan kisan kiyashin 1994 an bar ƙauyuka cike da zawarawa da marayu, gahawar ƙasar kuma tana cikin mafi araha a duniya. A yankin Maraba manoma suka kafa ƙungiyar Abahuzamugambi a 1999. Da taimakon jami'ar ƙasar da masana daga waje suka samu wurin wanki, suka koyi tantancewa da ɗanɗano, zuwa 2002 sun fara sayar wa kamfanoni a Amurka da Ingila da sunansu. A 2008 Ruwanda ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta karɓi gasar nan ta Cup of Excellence, inda ake zaɓen gahawar da ta fi kowace a shekara a yi gwanjonta ta intanet. Habasha ta yi tata ta farko a 2020.

Da suna ya yi daraja, sai aka fara rigima a kansa. Gwamnatin Habasha ta nemi yi wa sunayen Sidamo da Harar da Yirgacefe rajista a matsayin mallakarta, aka kai ruwa rana da kamfanin Starbucks na Amurka, ƙungiyar Oxfam ta mara wa manoma baya, sai a 2007 aka sasanta. Ƙasa guda ta tsaya tana jayayya da hamshaƙin kamfani a kan sunayen garuruwan manoma, saboda ta gane cewa sunan kansa dukiya ne.

4. Mu me muke da shi?

Kada wani ya ce na ce a shuka gahawa a Auyo. Ƙasar Haɗejiya ba ta kai mita 400 a saman teku ba, damina wata uku zuwa huɗu ce, zafin bazara yana haura digiri 40. A Nijeriya gahawar arabika sai irin tsaunin Mambila a Taraba da tudun Jos. Abin kwaikwayo shi ne hanyar, kayan kuwa Allah ya riga ya ba mu namu.

A fadama muna da shinkafa da alkama da tumatir da barkono da albasa. A jigawa muna da gero da wake da riɗi da zoɓo. A ruwa muna da kifin da ya sa kasuwar kifi ta Haɗejiya ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Riɗinmu yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Mafi yawan zoɓon da Nijeriya ke fitarwa Meziko yake tafiya, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi, wani kuma Jamus, inda shi ne ke ba shayin 'ya'yan itace jan launi da tsami. Jigawa na sahun gaba a noman duka biyun.

Zoɓo ma ba ɗaya ba ne, kowace uwargida ta san haka. Akwai mai duhun ja wanda ɗan kaɗan ke rina tukunya, akwai mai haske, akwai mai tsami sosai, akwai mai sauƙi. Mai saye na waje yana duba launi, da cikar fure bai farfashe ba, da bushewa, da rashin yashi, da rashin guba. Zoɓon Kordofan na Sudan ya yi suna a kan waɗannan. Riɗin Humera na Habasha da sunansa ake nemansa, ana kuma ƙara masa kuɗi. Mu ma 'yan kasuwar riɗi suna da abin da suke kira irin Maigatari, amma manomin Birniwa ko Kaugama da ya noma shi bai san ana cin kasuwa da sunan yankinsa ba, balle ya ga ladan.

Mun kuma ɗanɗana kuɗar sakaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin fiya-fiyar nan da wasu ke zuba wa wake, wasu har busasshen kifi. Bayan haka Meziko ta rufe ƙofarta ga zoɓonmu na tsawon shekaru saboda wani ƙwaron sito da aka gani a cikin kaya, farashi ya rushe a kasuwannin Jigawa da Kano. Da yake kayan na tsibi ne, ba a iya gano siton da ya jawo ba, sai hukuncin ya hau kan kowa, har da wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin takaici, mun taɓa sanin tantancewa. A zamanin dalar gyaɗa, wadda Malam Madori ma ta yi tata a bakin layin dogon Kano zuwa Nguru, akwai ma'aikatan duba amfanin gona da ke soka buhu su duba kafin a buga masa hatimi. Hukumomin sayen amfanin gona na wancan lokaci sun danne manomi a farashi, ba na kewarsu. Amma da aka rushe su a 1986 sai tantancewar ma ta raunana.

5. Ƙungiyar karɓa da ƙungiyar aiki

Wani zai ce ai muna da ƙungiyoyin manoma, har sun yi yawa. Haka ne. A ƙauye ɗaya sai ka tarar da guda biyar, kowace da takardar rajista a cikin leda a aljihun shugaba. Tambaye su yaushe suka yi taro na ƙarshe, amsar ita ce ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a raba taki. Da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a 2015, ƙungiyoyi sun tsiro dare ɗaya a duk Arewa, wasu da mambobin da ba su san hanyar gona ba, da yawa kuma suka ɗauki bashin a matsayin rabon arziki. Ƙungiyar da aka kafa don karɓa tana mutuwa ranar da rabo ya ƙare.

Ba wai ba mu iya haɗin kai ba ne. Gayya tamu ce tun kaka da kakanni. Adashin matanmu yana zagayawa shekara da shekaru ba takarda ba kotu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma mun ga yadda mutanen Guri da Kiri Kasamma ke fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, da lauje da adda, su shiga ruwa har ƙirji suna yankanta. A filin noman rani na Auyo, wanda aka gyara aka ƙaddamar a Janairun 2023, masu amfani da ruwa suna da ƙungiyoyin da ke tsara rabon ruwa da yashe magudanai. Duk wannan haɗin kai ne na gaske.

Matsalar ita ce haɗin kanmu yana ƙarewa a bakin masussuka. Tare muke noma, tare muke yaƙi da ruwa da ciyawa, amma ranar sayarwa kowa ya ɗauki buhunsa biyu ya tafi shi kaɗai ya tsaya gaban mai kuɗi. Daidai wurin da kuɗin yake, nan muke watsewa. Kwantenar zoɓo babba tana cin kimanin tan 12, ta riɗi ƙarama kimanin tan 19. Wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙauyuka biyu ko uku ba. Mai buhu biyu roƙo yake yi, mai kwantena guda ta kaya masu tsabta shi ake zuwa nema har gida. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

6. Inda ake tuntuɓe

Ba zan ɓoye ba, ƙungiya ba tsafi ba ce. A Kenya, inda ƙungiyoyin gahawa suka daɗe kuma gahawar ke cikin mafi tsada a duniya, manoma sun shafe shekaru suna kukan shugabannin da suka cinye dukiya, da basussukan da ba su san lokacin da aka ciwo ba, da biyan da ke jinkiri watanni. Ko a Habasha, idan ƙungiya ta rasa kuɗin biya a take, mambobinta sukan zagaya ta baya su sayar wa ɗan kasuwa. Yunwa ba ta jiran biya na biyu.

Mu ma haka za mu fuskanta, ko fiye. Da kaka ne ake biyan bashi, ake aurar da 'ya'ya, ake ɗinkin yara. Wani ma tun damina ya ci kuɗin amfaninsa ta hanyar ba-da-kaka, kayan da ke gonarsa ba nasa ba ne. Ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta shafe gonaki a masarautar Haɗejiya. Wanda ruwa ya cinye wa shinkafa ba za ka ce masa ya ajiye riɗinsa sai farashi ya tashi ba.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke son ta rayu sai ta tsaya a kan wasu sharuɗɗa. Ta kasance ƙarama, ta mutanen da suka san gonakin juna. A auna kayan kowa a gabansa, a ba shi rasit. A biya shi farashin kasuwar ranar a take, ƙarin inganci ya biyo baya. A karanta littafin kuɗi a bainar jama'a, a kuma yanke wa shugabanci wa'adi. A ware kaya daraja-daraja, ko na mai gari ne idan da yashi a mayar masa. Sannan matan da ke ɓarar zoɓo da sheƙar riɗi da bandar kifi su zama mambobi da sunansu, kuɗinsu ya shiga hannunsu, domin ingancin da muke magana a kai daga yatsunsu yake fitowa.

Kada kuma a tara kaya kafin a nemo mai saye. Ba lallai ne a fara da ƙetare ba. Habashawa suna shanye kusan rabin gahawar da suke nomawa, shi ya sa ko tsohuwar ƙauye ta san mai kyau. Mu ma muna shan zoɓo a azumi da biki da suna, muna cin kantu, muna neman shinkafar gida marar tsakuwa. Manyan kantunan Kano da Abuja da Legas cike suke da masu neman abin da za su saya hankali kwance. Ƙunshin zoɓo mai tsabta da aka rubuta wa sunan ƙungiya da ƙauye da lambar waya zai samu kasuwa a nan gida kafin a kai ga maganar jirgin ruwa.

7. Kowa da nasa aikin

Kayan da ake buƙata don farawa ba su da tsada: sikeli mai gaskiya, na'urar auna danshi, gadajen shanya ko tamfol, rariya, ɗaki mai tsabta da katakon ɗora buhu, sai buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwaron wake ba tare da guba ba. Kuɗin takin da ake rabawa ƙauye ɗaya a shekara ɗaya zai iya sayen yawancinsu. Ina kira ga gwamnatin Jigawa da hukumarta ta raya aikin gona, JARDA, su karkata wani kaso na tallafi zuwa bayan girbi, su kuma ɗaure shi da sharaɗi: ƙungiyar da ta nuna littafin kuɗinta da kayan da ta sayar tare, ita ce a gaba.

Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su zama wurin da manomi zai kai samfur a gwada masa danshi da guba a ba shi takarda, su kuma horar da matasanmu aikin tantance zoɓo da riɗi, yadda Ruwanda ta horar da 'ya'yan manoma suka zama masu ɗanɗanon gahawa. Hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta NEPC ta haɗa ƙungiyoyi da masu saye. Masarauta, daga hakimai zuwa sarakunan kasuwa, tana da bakin da za ta hana jiƙa zoɓo da zuba yashi a riɗi, tana kuma iya ɗaukar nauyin gasar shekara-shekara a Haɗejiya, inda za a baje kayan ƙungiyoyin ƙananan hukumomi takwas na masarautar, a gayyato masu saye su yi gwanjon wanda ya yi fice. Limamai kuwa suna da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, lokacin kaka ne ya fi dacewa a ji ta a mumbari. Dillali mai amana ma yana da gurbi, domin ƙungiya tana buƙatar wanda ya san hanya da kasuwa.

Amma duk waɗannan masu taimako ne. Manoman Maraba ba su jira komai ya daidaita ba, sun fara ne a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Kasuwar duniya kuma kullum ƙara tsananta tambaya take yi: wa ya noma, a ina, da wane magani? Idan ba mu shirya amsa da kanmu ba, kamfanoni za su zo su shirya ta, su kafa wuraren gyara a bakin gonakinmu, su buga tambarinsu, 'ya'yanmu su zama 'yan ƙwadago a kan amfanin iyayensu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Magidanta ashirin a ƙauye ɗaya sun isa su fara: su zauna tun kafin damina, su yarda a kan iri ɗaya, su yi alkawarin shanya a wuri ɗaya, su sayar a rana ɗaya. Wanda ya ga ribar maƙwabcinsa a kakar farko ba sai an roƙe shi ya shigo a ta biyu ba.